Rufin haƙori: mu kula da shi don ya daɗe

Mun saba ganin haƙorin Makka a bakin alhazai. Akwai kuma wani gyara dabam. Likitan haƙori yana liƙa wani siririn ɓawo fari bisa haƙorin gaba wanda ya guntule ko ya dafe. Kafin ya liƙa shi, yakan kankare kamar rabin milimita na fuskar haƙorin. Abin da aka kankare ba ya komowa. Saboda haka, in rufin ya lalace, sai an sake biyan kuɗin wani.

Rufin tangaran yakan kai shekara 10 zuwa 15. Na roba kuwa, shekara 5 zuwa 7. Kulawa ce ke ƙara masa kwana.

Rufin ba ya ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinsa yana ruɓewa. Mu wanke baki sau 2 kullum, safe da dare, da buroshi mai taushi da man goge haƙori. Mu bar gawayi da toka, domin suna karce rufin.

Kada mu fasa ƙashi, ko goriba, ko busasshiyar aya da haƙoran gaba. Kada mu buɗe kwalba da su. Goro da shayi da taba suna rina rufin roba. Mu kurkure baki da ruwa bayan shayi ko goro.

Mai cizon haƙora cikin barci ya gaya wa likita. In rufi ya faɗi, kada mu liƙa shi da kanmu. Mu adana shi, mu kai wa likita. Ko babu ciwo, mu je a duba mu kowane wata 6. Rigakafi ya fi magani.