Araha Ba Ta Ado: Injin Wankin Kayan Ɗaki

Akwai wata magana da ta kama bakin mutane a Kankiya da Kusada, musamman in lokacin haɗa kayan ɗakin amarya ya zo: wai injin wanki duk ɗaya ne, duk daga ƙasar Sin ake kawo su, suna kawai ake saya. Da wannan magana uba zai shiga mota ya nufi Sabon Gari a Kano, ya zaɓo mafi girma kuma mafi araha, a jera shi kusa da firji 'yan ganin ɗaki su yaba. Kafin a yi sunan fari, injin ya zama wurin ajiye tsummokara.

Gaskiya ne da yawansu daga Sin suke. To sai me? Masana'antar can abin da ɗan kasuwa ya biya shi take ƙera masa. Ran injin wanki shi ne kwayil ɗinsa, wato wayar da aka naɗe a cikin abin da ke juya kaya. Mai kyau da jan ƙarfe ake naɗa shi. Na araha sau da yawa alminiyam ne, wani ma a shafa masa launi ya yi kama da jan ƙarfe. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka yake iya ɗauka, ya fi saurin zafi, kuma in ya tsinke haɗa shi aiki ne. Tambayi kowane mai rewaya ka sha labari.

Sai ka haɗa wannan da irin wutarmu. An yi injin ne don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. Ranar da wutar KEDCO ta zo rabi, fanka na juyawa da ƙyar, injin zai yi ta gurnani yana jan wuta fiye da kima har kwayil ya ƙone. Mai ƙarko kan jure na ɗan lokaci, na araha ba ya jurewa. Ga robar jikinsa sirirya, in an bar ta a tsakar gida cikin ranar bazara sai ta bushe ta tsage. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kayan gyara. Injin da aka manna wa sunan da ba wanda ya sani, in taimarsa ta mutu ko gindin da ke juya kaya ya cinye, za ka zaga Katsina da Kano ba ka samu daidai da shi ba. Ina arahar take?

Cika wa injin kaya fiye da kima ma na kashe shi.

Mataccen inji hannun 'yan gwangwan yake faɗawa. Su fasa, su ƙona waya don ciro ƙarfen, hayaƙin roba ya shiga ƙirjin yaran da ke aikin da na maƙwabta, gangar jikin kuma ta ƙare a bola ko ta toshe magudanar ruwa da damina. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mai sayen inji uku a shekarun da guda zai yi, shara uku ya tara wa garinsu.

Ba cewa nake a sayi mai sarrafa kansa na masu kuɗi ba. Wannan yana son famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya, gidan da ke sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa bai dace da shi ba. Mai baho biyu, na wanki da na matsa, shi ya fi dacewa da mu, in dai na kamfanin da aka sani ne.

Kafin ka biya, fara zuwa wurin mai gyara a garinku, ka tambaye shi wane iri ne kayansa ke samuwa. A shago ka sa a kunna maka duka ɓangarorin biyu, ka karɓi rasit da takardar garanti mai hatimi. Ƙarami mai nauyi ya fi ƙato mara nauyi. Ka ware kuɗin sitabilaiza tun farko, in kuma wuta ta yi rauni a haƙura da wankin. Ƙaramin janareta kada a haɗa masa inji da dutsen guga lokaci guda. A ɗora injin kan katako ko dakali a inuwa, soket ɗin ya yi nesa da ruwa, kada kuma yaro ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. Bargo da darduma a kai wa mai wanki. Ruwan ɗauraya a tara a yi wankin gaba da shi, na omo kuma a haƙa masa rami, kada a sake shi lungu ya kwanta sauro ya samu gida. In ya tsaya yana gurnani, a sa mai gyara ya fara duba kafasita da bel kafin a kira ɗan gwangwan, don sau da yawa su ne, kuma kuɗinsu kaɗan ne.