Kyan ɗa ya gāji ubansa? Labarin ƙaramin karen sarakunan Ingila

Kowace shekara cikin watan Maris, birnin Birmingam na ƙasar Ingila yakan cika ya batse har tsawon kwana huɗu. Abin da ke tara jama'ar shi ne gasar Crufts, inda ake baje kolin karnuka wajen dubu 20. Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram, wanda ya san kare da gadin gida ko rakiyar mafarauci, yana iya yin murmushi. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa kasuwar dabbobi yana duban haƙoran rago, ko ya yi gardama bisa asalin doki, zai gane abin da ke cikin zukatan waɗannan mutane. Da yawansu tun suna yara suka shiga harkar, kuma a cikinta suke tsufa. Sha'awarsu tana da ladabinta, tana kuma da nata abin kunya, kamar yadda za mu gani.

Mafarin al'amari

An yi gasar karnuka ta farko irin ta zamani a garin Niyukasul cikin shekara ta 1859, kuma karnukan farauta kaɗai aka kawo. A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda ta buɗe littafin asali inda ake rubuta sunan kowane kare da na iyayensa da kakanninsa. Wani ɗan kasuwa mai tallar biskitin karnuka, Charles Cruft, shi ne ya hango ribar da ke cikin abin, ya shirya babbar gasa da sunansa a Landan cikin 1891. Faransa ma ta buɗe nata littafin asali a 1885. Yau har karen Azawak, wanda ya samo suna daga kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali, yana da rubutacciyar ƙa'idar siffarsa a ƙungiyar karnuka ta duniya mai mazauni a ƙasar Beljik.

Daga cikin rukunonin gasar akwai na ƙananan karnukan ɗaki, waɗanda ba su gadi ba su farauta, aikinsu ɗebe wa mai gida kewa. A nan ne aka fi samun masu kiwo na sha'awa: malaman lakwal, ma'aikatan da suka yi ritaya, matan aure, kowa da karnuka biyu ko biyar a gida.

Aikin haƙuri

Mai wannan kiwo yakan yi watanni yana nazarin takardun asali kafin ya zaɓi namijin da zai kai wa karyarsa barbara. Ciki yakan ɗauki kwana 63 ko kusa da haka. In an haihu, sai ya hana idonsa barci yana auna ƴan kwikwiyo kullum a sikeli, kuma ba ya rabuwa da su sai sun kai sati takwas. Cikin ƴaƴa huɗu ko biyar, da ƙyar ake samun ɗaya da ya cancanci shiga fili.

A filin gasa alƙali yakan ɗora ƙaramin kare bisa tebur, ya shafa ƙashinsa, ya duba haƙora da idanu da gashi, sannan ya sa a zagaya da shi don ya ga tafiyarsa. Yana gwada shi ne da rubutacciyar ƙa'idar irinsa. Kafin kare ya sami laƙabin zakara a Ingila, sai ya karɓi takardar yabo uku daga hannun alƙalai uku daban-daban. Kuɗin da gwarzon Crufts yake samu ba su taka kara sun karya ba. Kuɗin mota da masauki da likitan dabbobi sun ninka su sau da yawa. Suna ake nema.

Ɓangaren da ya fi burge ni shi ne gasar biyayya, wadda ta shiga Crufts a 1955. A nan kyan gashi ba ya amfana kome. Ana son kare ya bi ƙafar hagun maigidansa ba tare da igiya ba, ya zauna ko ya kwanta da umurni daga nesa, ya ɗauko abin da aka jefa, ya kuma tsamo ƙyalle ɗaya cikin ƙyallaye masu yawa ta hanyar shinshina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: horon yakan fara tun kare yana kwikwiyo, minti kaɗan safe da marece, da yabo da ɗan guntun nama in ya yi daidai. Masu horo na yau sun bar duka, don sun lura karen da ke tsoro ba ya riƙe darasi. Mai kuɗi yana iya sayen kare mai asali, amma biyayya sai wanda ya tashi da asuba shekara da shekaru.

Fam 25 na wani Ba'amurke

Babu irin da labarinsa ya fi nuna alheri da sharrin wannan harka kamar wanda ake kira Cavalier King Charles, ɗan kare mai dogayen kunnuwa da manyan idanu, wanda nauyinsa ke tsakanin kilo 5 da 8. Sunan ya samo asali daga Sarki Charles na Biyu, wanda ya mulki Ingila daga 1660 zuwa 1685, kuma aka san shi da yawo da irin waɗannan karnuka cikin fada. Bayan zamaninsa yayi ya sake, masu kiwo suka dinga zaɓen masu gajeren hanci, har tsohuwar siffar ta kusa ɓacewa.

Cikin 1926 wani attajiri Ba'amurke, Roswell Eldridge, ya sa kyautar fam 25 a gasar Crufts ga duk wanda ya kawo kare mai dogon hanci irin na tsofaffin zanen fada. Wasu ƴan tsirarun masu kiwo suka amsa kira. A 1928 suka kafa ƙungiya, suka ajiye wani kare mai suna Ann's Son a gabansu, suka rubuta ƙa'idar siffa suna kallonsa. A wannan shekarar Eldridge ya mutu, bai ga ƙarshen abin da ya soma ba. Yaƙin duniya na biyu ya rage karnukan ƙwarai, kuma daga ƴan kaɗan ɗin da suka tsira aka sake yaɗa irin, wanda Kennel Club ta amince da shi a 1945.

A nan gizo ke saƙa. Irin da ya fito daga tsatso ƙanƙane, aka kuma rufe littafinsa ba a shigo da baƙon jini, to abin da ke jikin kakanni shi zai bazu cikin jikoki, mai kyau da marar kyau. Ga shi kuma kowa yana son ya kai karyarsa wajen zakaran bana, sai namiji ɗaya ya haifi ɗaruruwa. Cututtuka biyu suka zama gādo. Ta farko ta zuciya ce: wani murfi da ke hana jini komawa baya yakan lalace tun kare bai tsufa ba, kuma ita ce ta fi kashe wannan iri. Ta biyu ta ƙoƙon kai ce, wanda yakan yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, sai ruwa ya taru cikin lakar gadon baya. Karen da ta kama yakan yi ta susar iska kusa da wuyansa yana kuka don azaba. Alƙalin gasa ba ya ganin ko ɗaya daga cikinsu da ido.

Ranar hisabi

A 1998 likitoci suka ba da shawara: kada a yi barbara sai kare ya kai shekara biyu da rabi da lafiyayyar zuciya, iyayensa kuma sun kai shekara biyar lafiya lau. Shawarar tana buƙatar jira, jira kuwa hasara ce ga mai gaggawar sayarwa. Wasu suka bi, wasu suka toshe kunne.

Asiri ya tonu a 2008, lokacin da talabijin ta BBC ta nuna wani shiri bisa halin da karnuka masu asali suke ciki. Jama'a suka fusata, BBC ta daina watsa gasar Crufts daga 2009. Cikin wannan shekara Kennel Club ta sake duba ƙa'idojin siffa, ta kuma daina rubuta kwikwiyon da aka samu tsakanin uba da ƴa, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa. A ƙasar Norwe maganar har kotu ta kai: wata ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta yi ƙara, kuma cikin watan Oktoba na 2023 kotun ƙoli ta yanke cewa ci gaba da hayayyafar wannan iri tsantsarsa ya saɓa wa dokar jin daɗin dabbobi. Yanzu wasu ƙungiyoyin arewacin Turai sun fara surka shi da wasu ire-ire ƙarƙashin kulawar likitoci, abin da kakanninsu za su ɗauka saɓo ne.

Adalci ya sa a faɗi cewa daga cikin masu kiwon ne kansu aka sami waɗanda suka fara ƙorafi, suka kai karnukansu awo da kuɗin aljihunsu, suka tara gudummawar bincike. Karen ɗaki ba ya cika wuce shekara goma sha ba, don haka wanda ya yi shekara 40 cikin harkar ya binne da yawa da hannunsa, ya kuma ga abin da zaɓinsa na jiya ya haifar. Irin waɗannan dattawa su ne yau suke faɗa wa sabon shiga ya nemi takardar likita kafin takardar yabo. Mai zaɓen bunsurun barbara don jan gashinsa kawai, ko ingarma don tsayin wuya, yana da abin tunani a nan: ɗa yakan gāji kyan ubansa, yakan gāji ciwonsa kuma.