Kalma Ɗaya, Ma'ana 645

Mutanen Ingila suna da wata al'ada mai ban mamaki. Mutum yana da gida, da gado, da fitila, amma in hutu ya zo sai ya naɗe tanti ya tafi daji ya kwana a ƙasa, har ma ya biya kuɗin filin. Wani tela, Tomas Holdin, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu wannan yawo a 1901. Makiyayin Azawak, wanda tanti ne ɗakinsa rani da damina, in ya ji labari sai dariya.

Da dare sukan hura wuta su kewaye ta, sai barkwanci, yawanci na wasa da kalmomi. Ɗaya ya shafi kalmar "run", wato gudu. Sukan ce a sansani ba a "run", sai dai "ran". Dalili kuwa, "ran" gudu ne wanda ya riga ya wuce, abin da malaman nahawunsu ke kira "past tense". Mai gudu a sansani kuma tantuna yake wucewa, wato "past tents". A kunne duka ɗaya ne. Barkwancin da aka yi wa bayani gishirinsa ya ragu, sai ku yi haƙuri.

Ita wannan kalma ba ƙarama ba ce. A babban ƙamus na Okusfod, bugun 1989 mai littattafai 20, kalmar "set" ce ke gaba da ma'ana 430. Da aka sake duba "run" a 2011, sai aka ƙidaya mata 645, a matsayin aikatau kaɗai. Da ita kogi ke gudana, inji ke aiki, hanci ke yoyon majina. Da ita ɗan kasuwa ke riƙon kanti, da ita ɗan siyasa ke tsayawa takara.

Kada mu ce Turawa sun cika rikici. Mu dubi "ci" namu. Muna cin tuwo, muna cin kasuwa, ɗalibi ya ci jarrabawa, yarima ya ci sarauta, wuta ta ci rumbu, azzalumi ya ci amana. Baƙon da ya ji an ce wane ya ci bashi, zai tambaya ko da miya.

Inda abin ke zama matsala shi ne wajen aiki. Ma'aikacin da takardar Ingilishi ta zo masa daga Kano ko Sakkwato, in ya buɗe ƙamus ya tsaya a ma'anar farko, zai juya magana ta koma wata. Sau da yawa ƙaramar kalmar da ke biye ce ke riƙe da ma'anar. "Run into" haɗuwa ce ba zato, "run over" kuwa mota ce ta take mutum. In direba ya aiko cewa sun yi "run out of water" tsakanin Tanut da Agadas, ba gudun ruwa suka yi ba. Ruwansu ne ya ƙare, a gaggauta kai musu.