Maharbin Dungeons & Dragons: Ana ta Gyara, Ƙorafi Bai Ƙare Ba

A wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1974, abokai ne ke zagaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda, jagoran wasa yana ba da labari, ɗan lido mai fuska 20 yana raba gardama. Cikin rukunan jarumai 12 da ke littafin 'yan wasa na 2014, wanda ya fi shan suka shi ne Ranger, maharbi masanin dawa da aka ƙera tun 1975 bisa siffar Aragorn na littattafan Tolkien.

Kukan masu wasa yana da tushe. Dokar 2014 ta ce maharbi ya zaɓi yanki guda da ya ƙware a kansa, kamar kurmi ko hamada ko tsauni ko fadama, ya kuma zaɓi irin abokan gabar da ya fi sani. To, wanda ya zaɓi kurmi, jagora kuma ya kai labarin cikin birni, baiwarsa ta tashi a banza na tsawon watanni. Sanin abokin gaba ma bin sawu da tuno bayani kawai yake sauƙaƙawa, ba ya ƙara wa kibiya ƙarfi sai a mataki na 20, inda yawancin tebura ba sa kaiwa. Wanda ya zaɓi tafiya da dabba ya fi kowa shan wuya. Ga kyarkecinsa a gefe, ga maƙiyi a gaba, amma idan yana so dabbar ta kai cizo sai ya sadaukar da nasa harin ya ba ta umarni.

Kamfanin Wizards of the Coast, mai wallafa wasan, bai toshe kunne ba. A Satumbar 2016 ya fitar da sabon fasali na gwaji, ya kuma amsa cewa jin ra'ayin masu wasa ya nuna maharbin yana cikin waɗanda aka fi rashin gamsuwa da su. Wannan fasalin bai taɓa shiga littafi ba. A 2017 aka ƙaro wa maharbin rassa masu ƙarfi irin su Gloom Stalker, sai kuma littafin Tasha's Cauldron of Everything na 2020 ya ba da damar musanya tsofaffin baiwowin da sababbi, dabbar ma ta samu 'yancin kai hari ba tare da ta cinye wa maigidanta nasa ba. Wannan gyaran ya yi, kuma ya cancanci yabo.

Littafin 'yan wasa na 2024 ne ya sake tayar da ƙura. An ɗaure baiwowin maharbin da dama a jikin sihiri guda, Hunter's Mark, wanda ke ƙara ɓarna a kan wanda aka sa wa alama. Sihirin yana buƙatar tattara hankali, doka kuwa ba ta yarda a riƙe irinsa biyu a lokaci ɗaya ba, don haka mai son amfani da sauran sihirinsa sai ya ajiye abin da aka gina shi a kai. Ladan kaiwa mataki na 20 shi ne ɗan lidon ɓarnar ya tashi daga fuska 6 zuwa 10. An gudu ba a tsira ba.

A ganina, ciwon ba a jikin maharbin yake ba, yana cikin dawar da aka ce ya ƙware a kai. Dokokin faɗa sun cika shafuka, na tafiya a jeji kuwa 'yan kaɗan ne. Mafi muni, baiwar 2014 ta ce a yankinsa ayari ba ya ɓata hanya sai da sihiri, kuma yana samo abinci ninki biyu. Sakamakon shi ne jagora ya ce “kun isa lafiya”, a wuce. Ƙwarewar da ya kamata ta ba maharbi filin nuna bajinta ita ce ta share filin. Ga kuma Goodberry, sihirin matakin farko mai samar da 'ya'yan itace 10, kowanne yana ƙosar da mutum yini guda. Ina sauran fargabar yunwa?

Masu ƙorafi ma suna da nasu kason. Ɓarna a fagen faɗa tana lissafuwa, ana iya gwada ta da ta sauran rukunai, kamar mayaƙi ko ɓarawo, a takarda, shi ya sa ita ce ta fi amo a muhawara, masu gyara kuma suka bi amon. Daɗin gano sawu a bakin rafi ba ya shiga lissafi. Kowane gyara sai ya ƙara wa maharbin kaifi a faɗa, ya rage masa ƙamshin daji.

Muddin kamfanin bai rubuta wa tafiyar jeji dokoki masu nauyi irin na faɗa ba, inda ɓatan hanya da ƙishi da hadari za su zama abin yanke shawara a tebur, gyara na gaba ma ba zai kashe wannan ƙorafi ba.