Kokawar gargajiya ta cancanci gurbi a manyan gasanni

A Olamfik na Paris a 2024 an raba lambobin zinare a rawar breaking. Los Anjalas, mai masaukin gasar 2028, ta ajiye ta, ta dawo da kurket, wanda rabonsa da gasar tun 1900.

Ni kokawarmu nake yi wa kwaɗayin wannan dama. Duk wanda ya kalli gasar Takobin Ƙasa a Nijar, makaɗa na zuga, ɗan kokawa na kirari da layu a damtse, ya san wasa ne mai jama'a. Dokarta ba ta da wuyar ganewa: ka kai abokin karawarka ƙasa, ka ci. Wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005 sun ba ta fili. Sauran aikin shi ne ƙarfafa gasar mata da kai kokawar zuwa wasu nahiyoyi, domin kwamitin Olamfik yana duba yawan ƙasashen da ke yin wasa.