Ɗan Uwa ko Gwani: Tsohuwar Gardamar Malaman Sin

A mayankar Oko-Oba da ke Agege, mai sa ba ya miƙa wa ƙanensa wuƙa don kawai nono ɗaya suka sha. Mahaucin da ya iya fiɗa yake kira, wanda ba zai huda fata ba. Da wannan misalin na mahauci wani malamin ƙasar Sin, Mozi, ya ƙalubalanci sarakunan zamaninsa fiye da shekara 2,300 da suka wuce. Ya ce sarki in yana da saniyar yanka sai ya nemo gwani, in yadi ne ya nemo tela na ƙwarai, amma da an zo rabon sarauta sai ya ba dangi da 'yan gaban goshi. Ke nan sarki ya fi tattalin saniyarsa a kan talakawansa.

Shi kuwa Konfushiyas, wani malamin na Sin, wanda ya rasu a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a gida ya kafa tushen tarbiyya. Wani basarake ya taɓa yaba masa mutumin da ya ba da shaida a kan mahaifinsa da ya saci tunkiya. Malamin bai yaba ba. A wurinsa ɗa ya rufa wa uba asiri, uba ya rufa wa ɗa, nan gaskiya take. Daga baya Mengzi, mabiyinsa, ya zargi Mozi, mai koyar da a so kowa daidai, da cewa mai yin haka ya zama kamar marar uba.

Bahaushen Agege ya san daɗin zumunci. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro ke sauka a zango wurin maigida ɗan garinsu, ya ba su masauki, ya tsaya musu a ciniki, ya ajiye musu kuɗi. Ba don wannan riƙon ba da baƙo ya sha wuya a Kurmi. Sai dai yaron da ya sauka ba shi da kowa, dako zai daɗe yana yi kafin wani ya amince masa da jari. Irinsa Mozi yake karewa, kuma a batun muƙami hujjarsa ta fi ƙarfi.

Makarantar Mozi ta dushe bayan an haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin Annabi Isa. Amma tun daga zamanin daular Sui, wajen shekara ta 600, aka fara ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta jarrabawa, kuma littattafan Konfushiyas ne suka zama abin da ake tambaya a ciki har aka soke tsarin a 1905.