Jarin Gina Manyan Tashoshin Lantarki na Zafin Rana: Istisna'i, Ijara da Mas'alar Lamuni

Tashar lantarki ta zafin rana tana aiki ne da madubai masu tattara hasken rana, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Ba ta shan mai, sai dai mafi yawan kuɗinta wajen gini ake kashe su. Saboda haka sharuɗɗan da aka samo jari a kansu su ne ke yanke farashin wutar tsawon shekaru ashirin ko fiye.

Tashar Noor ta ɗaya da ke Warzazat a Maroko, mai megawat 160, wadda aka buɗe a 2016, ta samu rance mai rangwame daga Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da wasunsu. Amma ƙari a kan bashi riba ne, ko da kaɗan ne.

Fiƙihu yana da mafita, domin tasha kadara ce da ake iya mallaka. Ana ƙulla istisna'i da kamfanin gini, ƙullin da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar a Jidda a 1992, tare da halaccin biyan kuɗinsa kashi-kashi. Masu sukuk su mallaki tashar, su ba da hayarta. Kuɗin haya nasu ne, asarar halakar kadarar ma a kansu take. Nijeriya ta gina hanyoyi da sukuk na ijara na naira biliyan 100 a 2017.

Halaccin ƙulli kaɗai bai isa ya kawo jari ba. A 2016 kamfanoni 14 suka sa hannu da kamfanin gwamnati mai sayen wuta, NBET, ciki har da Pan Africa Solar mai shirin tashar faifan sola ta megawat 75 a Kankiya ta Jihar Katsina. Shirye-shiryen sun cije saboda saɓani kan farashi da lamunin gwamnati.

A Batsari da Safana, rana wadatacciya ce, amma ta'asar 'yan bindiga za ta sa mai jari ya ƙara matsawa kan lamuni. Ba ya halatta mai gudanar da mudaraba ya lamunce uwar kuɗi, sai dai majalisar ta halatta a 1988 wani ɓangare na uku mai zaman kansa ya yi alkawarin cike asara don sa kai. To, idan gwamnati ce mai sayen wutar, kuma ita ce mai lamuni, shin ta cika sharaɗin zama ɓangare na uku? Wannan ce mas'alar da ya kamata malamai su warware kafin a nemi dukiyar Musulmi.